Tafiya da motar gida a gaɓar tekun Oregon: ina za a kwana, me za a gani?

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Ina so in yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake kira RV, in ɗauki maiɗakina da yaranmu uku mu bi gaɓar tekun Oregon na kwana goma a hutun bazara. Ban taɓa tuƙa irinta ba. Daga ina zan fara, ina zan riƙa kwana, me ya cancanci a tsaya a gani, kuma me zan kiyaye?"

Malam, barka da wannan niyya, Allah ya sa a yi a sa'a. Na bi hanyar nan da motar gida ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma shawarar da zan fara ba ka ita ce wadda na fi so ka riƙe ko da ka manta sauran: ka kama wuraren kwana tukuna, sannan ka biya kuɗin hayar mota. Da yawa suna juya abin. Sai mutum ya yi hayar mota a watan Mayu, ya zo neman wurin kwana na Yuli, ya tarar ko'ina ya cika maƙil. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na jihar Oregon tana buɗe rajista wata shida kafin ranar da kake so, ta intanet. Wato in kana son kwanan 10 ga Yuli, tun 10 ga Janairu ya kamata a gan ka gaban kwamfuta da sassafe. Wuraren da ke kusa da ruwa, musamman na daren Juma'a da Asabar, ba sa daɗewa. In lokaci ya riga ya ƙure maka, kada ka fid da rai, mutane suna fasa tafiya kullum, kuma wanda ke leƙawa safe da yamma yakan dace. Akwai kuma wuraren 'yan kasuwa, sun fi tsada, motoci sun fi matsuwa da juna, amma suna fid da mutum kunya.

Ni zango nake kiran waɗannan wuraren kwana, don aikinsu ɗaya da zangon fatake: a sauke kaya, a sha ruwa, a kwana, gari ya waye a ɗaura. Kuma kada wani ya ce maka tunda gidanka na kan taya, duk inda dare ya yi maka sai ka faka ka kwanta. A gaɓar nan ba haka abin yake ba. Wuraren tsayawa na bakin hanya na yini ne kawai, garuruwa da yawa sun hana kwana cikin mota a titi, kuma ba daɗi ɗan sanda ya buga maka ƙofa ƙarfe biyun dare yara na barci.

Hanyar kuwa guda ɗaya ce, babbar hanya mai lamba 101. Tana bin gaɓar tun daga Astoria, inda kogin Columbia ya faɗa tekun Pasifik, har kan iyakar Kalifoniya kudu da Brookings, mil 363, kusan kilomita 584. Ƙaramar mota in ba ta tsaya ba za ta cinye ta cikin awa takwas ko ƙasa da haka. Kai kuwa kwana tara za ka raba ta, kuma hakan shi ne daidai. Ka fara daga arewa ka gangaro kudu. Dalili biyu ne. A Amurka hannun dama ake bi, saboda haka mai tafiya kudu shi ne ke gefen teku, kuma kusan duk wuraren ratsewa na kallo suna hannun damansa. Sai ka sa sigina ka shige, ba sai ka tsallaka layin masu tahowa da mota mai tsawon ƙafa 25 a kan lanƙwasa ba. Na biyu, da bazara iska daga arewa maso yamma take kaɗawa, tana ƙaruwa da la'asar. In kana tafiya kudu tana bayanka. Motar gida kamar bango take, iska na samun inda za ta kama, kuma wanda ya taɓa tuƙa ta yana fuskantar iska ya san gajiyar da ke cikin kafaɗa da yamma.

Game da motar da za ka ɗauka, ku biyar ne, don haka nemi irin wadda ake kira aji C, mai kan babbar mota da gado a saman direba. Tsawon ƙafa 25 zuwa 28 ya ishe ku. Kada girman ɗaki ya ruɗe ka ka ɗauki mai ƙafa 32 ko fiye, kowace ƙafa da ka ƙara tana rage maka wuraren da za ka samu a zango, don kowane gurbi da tsawonsa a rubuce, kuma tana ƙara maka wahalar fakin a garuruwa. Lasin ɗinka na yau da kullum ya wadatar. Abin da zan roƙe ka ka bincika da idonka kafin ka sa hannu shi ne bel ɗin kujera. Ƙirga su, ka ga ina suke, kuma in akwai yaron da ke zama a kujerar jarirai, ka tabbatar akwai mazaunin da ke fuskantar gaba inda za a ɗaure ta. Wasu motocin bel ɗinsu na kan benci mai kallon gefe, wanda bai dace da kujerar yaro ba. Mota na tafiya, kowa na ɗaure. Ba mai hawa gado, ba mai dafa shayi.

Ranar karɓar mota za su zagaya da kai su nuna maka komai cikin kamar awa ɗaya. Ɗauki bidiyo da wayarka, don rabin abin da aka faɗa zai tsere maka kafin dare. Tambayi tsayin motar, yawanci wajen ƙafa 12 ne, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari saboda rumfunan gidajen mai da rassan itatuwa. Sannan ka sani bayan motar ya zarce tayar baya da nisa, in ka karya kwana da ƙarfi gindinta na fita ta ɗaya gefen ya shafi abin da ke wurin. Mafi yawan ƙujewar da ake cajin mutane a kanta daga nan take zuwa, a gidan mai ko a ƙofar zango. In za ka yi ribas, maiɗakinka ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi. Da zarar ta ɓace maka, taka birki. Ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun a gida.

Kuɗin mai kuma ka shirya masa. Irin wannan mota galan ɗaya mil 8 zuwa 10 yake kai ta. Daga Portland, birni mafi girma a jihar, inda za ka karɓi motar, zuwa Astoria, a gangara har Brookings, a dawo, da 'yan ratse-ratse, za ka yi wajen mil 900, wato galan ɗari ko kusa. Kamfanonin haya da yawa suna cajin kowane mil daban, wasu har da awannin janareta da kayan kicin da barguna, don haka farashin da ka gani a talla ba shi ne za ka biya ba. In kuma ba mazaunin Oregon ba ne kai, jihar na ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin gurbin motar gida.

To, mu hau hanya.

Daga Portland ka bi hanya mai lamba 30 ta gefen kogin Columbia zuwa Astoria, wajen mil ɗari. Zangon farko Fort Stevens, kwana biyu. Na zaɓa maka shi da gangan: babba ne ƙwarai, gurabensa sun kusa ɗari biyar, hanyoyinsa shimfiɗaɗɗu, wurin koyon mota ne. Tsohon sansanin soja ne da aka gina don tsare bakin kogin, kuma a watan Yunin 1942 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya yi masa luguden wuta cikin dare. Yara za su shiga tsofaffin ramukan igwa su fita. A bakin ruwa kuma akwai ƙwarangwal ɗin jirgin Peter Iredale, jirgin Ingila da ya kafe a yashi a watan Oktoban 1906. Haƙarƙarinsa na ƙarfe na nan tsaye da tsatsa, in ruwa ya janye har taɓa shi ake yi. Kusa da nan akwai Fort Clatsop, inda ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka yi hunturun 1805 zuwa 1806. A cikin Astoria akwai hasumiya a kan tudu mai matakala 164, daga samanta kana ganin gadar da ta haɗa Oregon da jihar Washinton, mai tsawon mil huɗu da ɗoriya, wadda aka buɗe a 1966.

Tunda a nan za ka fara haɗa mota da zango, bari in tsaya a kan wannan, don shi ne abin da ke tsorata sababbi. Gurabe iri uku ne: mai wuta da ruwa da bututun ƙazanta, mai wuta da ruwa kawai, da wanda ba komai. Na tsakiyar ya ishe ka. Da ka shiga gurbi, fara daidaita motar ta zauna sosai, da 'yan katakai ko robobin da ake sawa ƙarƙashin taya. Ba don daɗin barci kaɗai ba, firjin irin waɗannan motoci da yawa da gas yake aiki, kuma in motar ta karkace ba ya sanyi yadda ya kamata, har yakan lalace. Sannan ka kashe makunnin da ke jikin sandar wuta, ka soka filogi, ka kunna. Sai tiyon ruwan sha, wanda ba a haɗa shi da komai.

Ƙarƙashin motar akwai tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Duk kwana biyu ko uku za ka je wurin zubarwa, yawancin zangunan jiha suna da shi kusa da ƙofar fita. Sa safar hannu ta roba. Maƙala ƙaton tiyon a jikin mota ka murɗa har ka ji ya kama, ka cusa ɗaya bakin cikin ramin, ka danne shi da dutse ko ƙafa. Ja marfin tankin bayan gida tukuna, ka jira har ƙarar ta ɗauke, ka rufe, sannan ka ja na ruwan wanka, shi zai wanke maka tiyon da ruwan sabulu. Kada ka juya wannan tsari. Minti goma ne in ka saba. Akwai kuma abin da masu ba da haya ba za su gaya maka ba don ba su san shi ba: mu masu buta ne. Tsarki da alwalar mutum biyar sau biyar a yini suna cika tankunan nan da sauri fiye da lissafinsu. Dabarar ita ce da rana kowa ya yi amfani da banɗakunan zango, suna da tsabta kuma da ruwan zafi na wanka, a bar na mota don dare da kan hanya. Alwala kuwa a famfon waje.

Daga Fort Stevens ka gangara Cannon Beach, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. A nan dutsen Haystack yake, ƙafa 235 tsaye cikin ruwa kamar rumbu. Kafin ka je, duba jadawalin cika da janyewar teku, ana samunsa kyauta a shaguna da kuma a waya. Teku na cika sau biyu, ta janye sau biyu, a kowane yini, kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum. Wannan jadawali shi ne agogonka na biyu a tafiyar nan, bayan na salla. In ka zo ruwa ya cika, dutse kawai za ka gani daga nesa. In ka zo awa ɗaya kafin ya gama janyewa, za ka taka har gindinsa. Na tuna wata safiya da ƙaramar 'yata ta tsuguna bakin wani ɗan kwarmin dutse da bai fi faranti ba, ta fi minti ashirin ba ta motsa ba. A ciki akwai tauraron teku ja-ja da wani ruwan hoda manne da dutse, da wasu korayen halittu masu kama da fure da ke tsuke baki in ruwa ya motsa, da wata 'yar ƙaguwa da ta ari gidan dodon koɗi tana ja. Ta ɗago ta ce, "Baba, duk wannan a cikin ruwa yake kullum?" A duba da ido, ba a ɓamɓare komai, wurin a ƙarƙashin kariyar doka yake.

Za ka lura ba inda aka kafa shinge a bakin ruwa, ba mai ce maka nan na otal ne. Wannan ba haka kawai ya samu ba. A 1913 Gwamna Oswald West ya sa aka ayyana bakin tekun a matsayin hanyar jama'a, sannan a 1967, bayan wani mai masauki a Cannon Beach ɗin nan ya killace yashin gabansa don baƙinsa, aka yi dokar da Gwamna Tom McCall ya sa wa hannu, wadda ta tabbatar wa kowa haƙƙin taka yashin gaɓar daga farko har ƙarshe. Shi ya sa nake fifita Oregon a kan wurare da yawa ga mai iyali. Abu ɗaya: hanyar shiga wurin shaƙatawa na Ecola, arewa da garin, siririya ce mai murɗe-murɗe cikin daji, kada ka shigar da motar gida.

Kwana na uku ka yi shi a Nehalem Bay ko Cape Lookout, duk wanda ka samu. Ka duba shafin hukumar tukuna, don akan rufe wani sashe saboda gyara. Tsakaninsu akwai Tillamook, garin shanu da madara, inda masana'antar cukun manoman yankin take, ƙungiyar da ta faro tun 1909. Ana kallon yadda ake yanka cuku ta bayan gilashi, a sha askirim, kuma suna da filin fakin manyan motoci. Awa ɗaya da rabi ta isa.

Inda nake so ka zauna sosai shi ne tsakiyar gaɓar, wajen Newport, kwana biyu a Beverly Beach ko South Beach. Kafin ka isa za ka ratsa Depoe Bay, ɗan gari da hanya ta bi ta kan bakin ruwa. Tsaya a nan ka jingina da katanga ka zuba wa teku ido. Dabbar nan ta teku da ake kira wel, irin mai ruwan toka, dubbai ne ke wucewa kudu a Disamba da Janairu, su komo arewa daga ƙarshen Maris, amma wajen ɗari biyu sukan yi bazara a gaɓar Oregon suna kiwo kusa da duwatsu. Abin da za ka fara gani feshi ne kamar hayaƙi, sai baƙin baya ya ɗago a hankali ya nutse. Babba a cikinsu ya fi ƙafa 40, wato ya fi motarka tsawo nesa ba kusa ba. Da safe aka fi ganinsu, kafin iska ta dama ruwan. A Newport akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Yaquina Head, ƙafa 93, mafi tsawo a jihar, tana aiki tun 1873. Akwai gidan kifaye na kallo, wanda zai cece ku ranar da aka tashi da yayyafi. A tashar masunta kuma wasu manyan dabbobin ruwa da ake kira zakunan teku na kwance kan katako suna haushi, tun daga nesa za ka ji su.

Gadar da za ka hau ka fita Newport, da ta Florence, da ta Coos Bay, duk a 1936 aka gama su, aikin injiniya Conde McCullough. Kafin su da jirgin fito ake tsallaka da motoci. Kyawawa ne ƙwarai, amma an gina su don motocin wancan zamani, layinsu matsattse ne. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka kalli gaba can nesa, ka bar wa fasinjoji kallon ruwa.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi a wurina. Tekun nan ba ta wanka ba ce. Ko a watan Agusta sanyin ruwan bai wuce digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas ba, yana kashe gaɓoɓin babban mutum cikin 'yan mintuna. Sannan akwai igiyar da mutanen wurin ke kira mai sanɗa: teku na kwance lafiya, ƙananan igiyoyi na zuwa suna komawa, sai guda ɗaya ta taso ba sallama ta wuce inda sauran ke tsayawa da taku ashirin ko talatin. Na gani da idona kudu da garin Yachats. Muna tsaye kan yashin da yake busasshe, ɗana ya sunkuya yana tsintar wani abu, kafin in buɗe baki ruwa ya kai masa cinya yana ja. Hannuna na kusa, na cafke rigarsa. Tun daga ranar dokar gidanmu ita ce wadda ke rubuce a allunan gaɓar: ba a juya wa teku baya. Yaro ba ya nesa da hannun babba. Kuma kada kowa ya hau ko ya zauna kan gungumen itacen da ke kan jiƙaƙƙen yashi, ruwa kaɗan ke ɗaga shi ya mirgina kan mutum, ya kashe mutane a gaɓar nan.

Za ka kuma ga shuɗɗan alluna masu hoton igiya da kibiya. Hanyar gudun tsunami ce, wato ƙatuwar igiyar da girgizar ƙasa ke tayarwa. A ƙarƙashin tekun akwai tsagin ƙasa na Cascadia, wanda ya yi babbar girgiza a watan Janairun 1700. A 1964 ma, igiyar girgizar ƙasar Alaska ta iso Beverly Beach cikin dare ta tafi da yara huɗu 'yan gida ɗaya da ke kwana a bakin ruwa. Ba don in tsorata ka na faɗa ba. Duk zangon da kuka sauka, kafin magariba ku taka tare ku ga inda kibiyar ta nufa. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ba a jiran sanarwa, ba a tsayawa cire filogi, a bar motar a hau tudu da ƙafa.

Daga Yachats zuwa Florence, wajen mil 25, nan ne hanyar ta fi kyau kuma ta fi neman hankalin direba. Dutse a hagu, rami da teku a dama. A Cape Perpetua ka faka a cibiyar baƙi ku taka, hanyar hawa ƙololuwar, ƙafa 800 sama da ruwa, ba ta babbar mota ba ce. A ƙasa akwai ramin da ake kira rijiyar Thor, inda ruwa ke bulbulowa ya koma kamar ana zuƙe shi, ya fi armashi gab da cikar teku, kuma daga nesa ake kallonsa. Gaba kaɗan sai fitilar Heceta Head ta 1894, sai wata 'yar hanya da aka huda cikin dutse. A gangara ka sauko da giya ƙasa injin ya riƙe motar, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi. In ka ga motoci sun jeru a bayanka, ratse a wuri na farko da ya samu ka ba su hanya. Doka ce a Oregon, kuma ladabi ne.

Kwana ɗaya a Honeyman, kudu da Florence, inda tuddan yashi suka fara, suka miƙe wajen mil 40 har kusa da Coos Bay. Wanda ya san arewacin Agadas zai ga abin da ya saba, sai dai nan yashin na tsakanin dogayen itatuwa da tafkuna, ga hazo mai laima. A nan ne kuma yara za su yi iyo, a tafkin Cleawox, ba a teku ba.

A nan zan gaya maka gaskiya. In yaranka ƙanana ne, ko ka ga gajiya ta fara shiga, ka tsaya a Florence, ka ƙara kwanakin a zangunan da suka yi muku daɗi, ka koma ta hanya mai lamba 126 zuwa Eugene, ka hau babbar hanya ta 5 zuwa Portland. Ba ka yi asarar komai ba. Iyalin da ke naɗe kaya kowace safiya ba hutu suke ba, ƙaura suke. Tsarina shi ne kada tuƙin yini ya wuce awa biyu zuwa uku, kuma a shiga zango da sauran rana. Ana karɓar gurbi daga ƙarfe huɗu na yamma, a bar shi kafin ƙarfe ɗaya na rana. Sau ɗaya na isa zango bayan isha, cikin hazo, ina neman lambar gurbi da tocila tsakanin itatuwa, maƙwabta na barci, yara na kuka. Ban sake yarda hakan ta faru ba.

In kuwa kuna da ƙarfi, kudancin ya fi shiru, mutane sun fi ƙaranci. Kwana ɗaya a Bullards Beach kusa da Bandon, inda duwatsu ke tsaitsaye cikin ruwa, faɗuwar rana a nan sai wanda ya gani. Cape Blanco shi ne wurin da Oregon ta fi kutsawa yamma, fitilarsa tun 1870, iskarsa kuwa ba a magana, kada ka buɗe rumfar jikin mota a can. Ko'ina ma, in za ku bar zango ko za ku kwanta, naɗe ta. A Port Orford babu tashar da jirage ke kwana a ruwa, da ƙugiya ake ɗaga kwale-kwalen masunta a ajiye su kan tudu. Mil 12 na ƙarshe kafin Brookings, yankin Samuel Boardman, wuraren ratsewarsa ƙanana ne, ka je da sassafe kafin su cika. Kwana biyu a Harris Beach.

Sauran abin da ya shafe mu. Nama ka saya a Portland, akwai shagunan halal, ka cika firji, don a gaɓar kifi ne zai riƙe ku, kuma sabo ne mai kyau. Sai dai ka riƙa tambaya: miyar nan fara mai kauri ta kifin ɓawo da ake sayarwa ko'ina, yawanci da naman alade a ciki, kuma ƙullun da ake tsoma soyayyen kifi sau da yawa da giya ake kwaɓa shi. Tambaya ba abin kunya ba ce a can, za su gaya maka. Ka tafi da yajinka da garin tuwo, murhun motar na gas ne, yana tuƙa tuwo lafiya lau, a buɗe taga da fankar sama. Alƙibla kuma za ta ba ka mamaki in ka saba da gabas: daga Oregon arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, asuba kuma kafin huɗu, don haka dare gajere ne, direba ya nemi barcin rana. Ku matafiya ne, sauƙin ƙasaru na nan. Kayan sanyi kuma kada a bar su don an ji bazara. Zafin rana a gaɓar yawanci wajen digiri 20 ne ko ƙasa da haka, da dare kuwa sai da rigar sanyi da hula. Itacen hura wuta ka saya a zangon da za ka ƙona shi, ba a son a yi ta yawo da shi saboda ƙwari, kuma a ƙarshen bazara akan hana hura wuta gaba ɗaya in daji ya bushe. Abinci kada ya kwana a waje, dabbobin dare na zagayawa.

Komowa daga Brookings, za ka ɗan shiga Kalifoniya ka kama hanya mai lamba 199, wadda ta ratsa dajin manyan itatuwan Jedediah Smith ta bi kogin Smith zuwa Grants Pass. Tana da lanƙwasa da yawa a cikin kwazazzabo, a bi ta da safe, a natse. Daga Brookings zuwa Portland ya fi mil 300, kada ka haɗa shi da ranar mayar da mota. Yi kwana na goma a hanya, wajen Roseburg ko Eugene, a wurin da ke da bututun zubarwa, ka juye tankuna biyun, ka share ciki, da safe ka cika mai kusa da kamfanin. Kafin ka miƙa makulli ka zagaya motar da waya ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, har da rufi in za ka iya, kamar yadda ka yi ranar karɓa.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaida Hajiya da yara.